Dattijo Da Kunkurun Gado

A wata unguwa cikin Zariya akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya gaji kunkuru daga mahaifinsa. Marigayin ne ya zo da shi daga Nguru, ƙarshen layin dogo, tun bai wuce tafin hannu ba. Irin babban kunkurun nan ne na ƙasashen Sahel, wanda a duniya kaf iri biyu kaɗai suka fi shi girma, su kuwa a tsibirai suke. Yakan haura shekara 70 a raye. Yau ƙato ɗaya ba ya iya ɗaga shi.

Shekara da shekaru yana yawonsa a tsakar gida, raminsa na gindin katanga. Sai Allah ya yi wa babban ɗan dattijon buɗi, ya sa aka shafe tsakar gidan da siminti domin kyautata wa iyaye. Ba a yi wata biyu ba kunkuru ya rage ci, wuni yake yi yana kartar siminti har faratansa suka zaizaye. Dalili kuwa, rami shi ne ɗakinsa. Can yake fakewa daga zafin bazara da sanyin hunturu, can kuma yake samun 'yar laimar da ke hana jikinsa bushewa.

Dattijo ya ce a keɓe masa fili a bayan gida, a gina katanga gajeriya mai zurfin tushe, don kada ya haƙa ta ƙarƙashi ya fice. Ɗan ya ce, "Baba, a kawo tifa guda ta yashi a zube masa, ai dabbar hamada ce."

Da yake ɗan fari ne, dattijo ba ya kiran sunansa. Ya ce, "Kai wannan, Nguru ba hamada ba ce. Ka taɓa ganin rami ya tsaya cikin yashi zalla?"

Gaskiyarsa. Yashi zalla ruftawa yake yi, sa'an nan kunkuru kan haɗiye shi tare da abinci, ya taru ya toshe masa hanji, abin da kan kai shi ga halaka. Tsakuwa ma haka. Garin katako kuwa ƙurarsa na cutar da ido da numfashi. Saboda haka ƙasar gona aka ɗebo, daga fegin da ba a zuba takin zamani ko maganin feshi ba, aka cakuɗa ta da yashi kaɗan, aka riƙa yayyafa ruwa a kusurwar da ke da inuwa.

Wajen shuka ne dattijo ya fi tsananta bincike, domin duk abin da ya tsiro a wannan fili, to, abinci ne. Kunkurun nan makiyayi ne kamar saniya, ciyawa ce cimarsa. Aka dasa masa kiri-kiri, mai jure takawa da figa, da harkiya da burburwa. A gefe aka sa kabewa da dankalin Hausa don ganyensu. Alayyaho da harawar wake sai jefi-jefi, su kuwa zurma da zaƙami da bini da zugu da suka fito jikin katanga, da kansa ya tuge su har saiwa.

Ran nan jikarsa ta shigo da tukunyar fulawa da ta sayo wajen masu lambun bakin titi, mai siraran ganye da fure rawaya kamar ƙararrawa. Ta ce, "Kaka, ga ado na kawo wa tsohon naka."

Dattijo ya tsinke ganye ɗaya, farin ruwa ya fito kamar nono. Dangin oliyanda ce, wadda daga ganye har 'ya'yanta dafi ne mai taɓa zuciya. Ga shi kuwa kunkuru ba ya ganin rawaya ko ja ya ƙyale. Ya yi murmushi, ya ce, "Amarya, kishi kike yi da shi ne za ki kashe mini shi? Kai ta zaure." Ya ƙara mata da cewa ko shuka marar dafi ce, in daga masu sayarwa ta fito, sai an sake mata ƙasa an bar ta makonni, saboda feshin da sukan yi.

Kwana tara da komawarsa sabon wuri, kunkuru ya fara haƙa a kusurwar nan mai laima. Da yamma dattijo kan shimfiɗa buzunsa kusa da katanga, yana jan carbi, yana kallon ƙasa na fitowa daga ramin.