Zarton Inji da Ɗorawar Kakana

Ran nan na tafi hutu ƙauyenmu wajen Kwali, sai na tarar an kawo zarton inji za a sare ɗorawar kakana, a yi gawayi a kai Abuja. Mai zarton ya nuna mini yadda akan gauraya mansa, watau awo 50 na fetur, awo 1 na man inji. Ya ce in aka zuba fetur tsura, injin ya lalace.

Kafin in shanye kununa, itacen da ya ba mu kalwa tun ina goye ya faɗi. Da gatari ne, da an wuni ana sara, watakila wani dattijo ya hana.

To, 'yan'uwana malamai, mu koya wa yara dashe, domin sara ya fi shi sauri yanzu.