Gandoki: Ina Tarihi, Ina Ƙire?

Iyaye da dama a nan Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha sukan tambaye mu, mu malaman makaranta, ko ya kamata ɗan Kirista ya karanta littafin da aljannu suke ciki. Littafin da ya fi jawo wannan tambaya shi ne Gandoki. Bari mu fara da mutumin da ya rubuta shi.

Malam Muhammadu Bello Kagara, wan Alhaji Abubakar Imam ne. An haife shi a 1890, ya rasu a 1971. Yana yaro Turawa suka ci Kwantagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Ya yi karatu a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya yi shekaru yana koyarwa a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina. Ashe malami ne kamarmu, ya san ƙurar alli.

A 1933 wani Bature, Rupert East, ya sa gasar rubuta labari da Hausa daga Zariya. Littattafai biyar suka fito daga gasar nan, Gandoki yana cikinsu. Har da Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East.

Gandoki kashi biyu ne a haɗe. Da fari jarumin yana yaƙi da Turawa a garuruwan da kowa ya sani, kamar su Kwantagora da Bida. Wannan yaƙi an yi shi da gaske. Daga nan sai labari ya yi fiffike, Gandoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa ƙasashen aljannu. Wannan kuwa ƙire ne. Haka Walter Scott na ƙasar Sikotlan ya yi tun 1814: ya ɗauki yaƙin kakanninsa na gaske, ya sa mutanen da ya ƙago a ciki.

To, ga abin da muke yi a aji. Mukan ja layi a tsakiyar allo. Abin da ya faru a dama, abin da marubuci ya ƙaga a hagu. Yara su yi ta gardama, wani ya ce Nagwamatse ƙire ne, wani ya ce a'a, kakansa ya ba shi labarinsa. Yaron da ya iya wannan rarrabewa tun yana ɗan shekara 12, da wuya jita-jitar waya ta ruɗe shi. Mu da muka ga rikicin Kaduna na 2000 mun san abin da jita-jita take iya yi wa gari.

Akwai wani abu kuma. Gandoki jarumin Musulmi ne, abokan gābansa kuwa Nasara yake kiransu, wato Turawan mulki. Kada mu ɓoye wa yara wannan. Gara su ji a bakinmu yadda zuwan Turawa ya yi wa maƙwabtanmu na ƙetaren kogi ciwo, da su girma ba su sani ba. Wanda ya san ciwon maƙwabcinsa ya fi iya zama da shi.

Saboda haka, iyaye, kada ku ƙwace littafin. Ku zauna tare bayan tuwon dare, yaro ya karanta da ƙarfi, ku kuwa ku riƙa tambayarsa: wannan ya faru, ko marubuci ne ya ƙaga? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.