Buhun ure da ruwa ke tafiya da shi

A ajina na nan Gaya, rabin yara ƴaƴan manoman shinkafa ne, don haka farashin taki ya shafe ni ko da ba ni da gona. Shekarar da bashin taki ya cinye girbi, ni nake fara gani: babu kaye, babu biki, wani yaron ma a tura shi Malanbil dako.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin takin ba shinkafa ke shan sa ba. Buhun ure mai kilo 50, kilo 23 ne kawai na sinadarin azot a cikinsa, wanda shi ne abincin ganye. In aka watsa shi gaba ɗaya cikin ruwa mai zurfi da rana tsaka, fiye da rabi kan salwanta, wani ya bi iska, wani ya bi magudana. Ka sayi buhu, kogin Kwara ya raba da kai. Manoman da na ga suna cin riba rage ruwan fage suke yi tukuna, su zuba kashi ɗaya kamar sati biyu bayan dashe, su ajiye saura sai shinkafa za ta ɗauki ciki.

Akwai kuma takin da ake shukawa. Zamarke, wannan da muke ɗauka ciyawar fadama ce, dangin wake ne, yana jawo azot daga iska. A shuka shi, bayan kwana 45 zuwa 60 a kife shi cikin laka yana ɗanye, ya ruɓe kafin dashe. Ba ya kore ure ɗungum, amma yana rage buhunan da za a saya. Na san wahalarsa: a fagagen da ake noma sau biyu a shekara tazarar kaɗan ce, ruwan famfo da kuɗinsa, ga mai awaki yana kallon ɗanyen ganye ana binnewa yana cizon yatsa.

Malamai ƴan uwana, wannan darasi ba ya son allo. Ku sa yaro ya tuge wake a lambun lakwal, ya wanke saiwar, ya tsaga ɗaya daga cikin ƙulle-ƙullen da ke jikinta. In cikinsa ja-ja ne, yana aikin tara azot. Bara wata ɗalibata ta kai wa babanta saiwar gida, washegari sai ga shi a bakin aji yana tambayar inda ake samun irin zamarke.