A Auna Iskar Poli Tun Ba a Fara Haƙa Ba

Duk ɗan kasuwa ya san wannan: kayan da ba ka auna ba ranar da ka karɓa, ba ka da bakin cewa sun ragu. Shekara 23 ke nan ina kai atamfa da gishiri daga Garwa zuwa Poli, can kuma na ajiye iyali, shi ya sa maganar iskar garin ta tsaya mini a rai.

A Kitongo, kusa da Poli, akwai yuraniyom a ƙarƙashin ƙasa. Kamfanoni sun yi bincike, amma ba a buɗe mahaƙa ba tukuna. Irin wannan dutse yana fitar da wata iska mai suna radon, ba wari ba launi. Takan taru a ɗakin da ke kulle, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana cikin manyan sanadin kansar huhu bayan taba. Masana na cibiyar IRGM ta Kamaru sun taɓa ajiye 'yan na'urori a gidajen Poli na wasu watanni, suka fitar da sakamako a 2014, da Turanci, a mujallar masana. Uwargidana da ke kwana a ɗakin fa, wa zai karanta mata?

Wanda ya yi fatauci Arlit ta Nijar ya san inda zancen yake zuwa. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a can. A 2003 ƙungiyar 'yan garin, Aghirin'man, ta gayyato masu awo na CRIIRAD daga Faransa, sai ga ƙarafan da suka gurɓace ana sayarwa a kasuwa. Shekara 32 ana shaƙa kafin mutanen gari su samu awon da yake nasu.

To jama'a, kada mu jira haka. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta je wurin lamido da magajin gari, a nemi a sake awo a gidaje da makarantu da rijiyoyi. A karanta sakamakon da Fulatanci da Hausa ranar kasuwa, a ajiye kwafi a hannunmu, da kwanan wata. Kafin nan, a riƙa buɗe taga da ƙofa kullum, a toshe tsagar daɓe. In an fara haƙa gobe, yaro ya kama tari, takardar nan ce za ta nuna yadda iskar take kafin su zo.