Fuskar da aka koya wa kawaici

Ɗalibin da ke koyon kula da masu damuwa a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa zai karanta cewa fuska na tona zuciya. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Ekman ya kai hotunan fuskoki har Papuwa Niyu Gini a ƙarshen shekarun 1960, mutanen can kuma suka gane fushi da farin ciki. A ganina wannan ilimi ba zai wadatar ba ranar da aka kawo dattijuwa daga Kurmin Mashi. Za ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau, ko da ɗan farinta ta rasa, wanda kunya ba ta taɓa barin ta kama sunansa ba. Ɗalibi na iya rubuta cewa ta dangana.

Za a ce ai ɗan gida ne, ya san al'ada. Amma ajin na iya haɗa Bajju da Bayarabe, kuma Bahaushen ma an raine shi ya karɓi "lafiya lau" ya wuce. Dole malami ya zauna da shi su yi bitar hirar, ya tambaye shi inda muryarta ta sauya, da tambayoyin da 'yar rakiya ta riga ta amsawa.