Hanyar Kurfai, alƙalin tsohuwar mota

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kilomita kamar 180 ce, ta Baleyara da Damana da Bonkuku, cikin kwarin Dallol Boso. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ya sayi tsohuwar kat-kat don iyali yakan kama wannan hanya da takardar bizit a aljihu, hankali kwance.

To amma takardar shaidar yini ɗaya ce. Masu bincike suna duba birki, fitilu, tayu da sitiyari. Ba su hawa tudu da kaya, ba su shiga rairayi.

Ƙasar Kurfayawa ba ta sayen wannan shaida. Da an sauka daga kwalta an nufi ƙauyuka, rairayi zai tona ko ƙafafun gaba suna ja. Ƙura ta toshe matatar iska, zafin bazara ya tafasa ruwan inji, ramuka su fallasa tsatsar da gishirin titunan Turai ya bari ƙarƙashin mota.

Saboda haka, kafin a biya kuɗi, a sa makaniki ya shiga ƙarƙashinta, a gwada ta cikin rairayi. Motar da ta mutu a daji da mata da yara, ba takarda ke fid da ita ba.