Kafin ka sayi lasifika, leƙa abin da ke bayan ragar nan

Shekara biyu ke nan da na kwashi kuɗin da na daɗe ina tarawa na sayo wasu lasifikoki guda biyu, tsayinsu ya kusa ƙuguna. A kwalin an rubuta 3000W PMPO, ga ramuka uku-uku a gaba, ga fitilu na walƙiya. Mai shago ya ƙure musu murya har ƙirjina na rawa, na ce shi ke nan, na dace. Da na isa gida na haɗa da waya na saka karatu, sai na ji muryar malamin kamar daga cikin tulu take fitowa. Haushi ya sa na ɗauko sukundireba na kwance. Wallahi ramuka biyu na sama roba ce kawai aka manna don ado, ko waya babu a jikinsu.

To ɗan'uwa, abin da ke fitar da sauti shi ne waɗancan faya-fayen masu maganaɗisu a baya, su ake kira direba. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kusan 20Hz zuwa 20,000Hz, kuma da wuya direba ɗaya ya ɗauki wannan duka da kyau. Shi ya sa ake raba aiki. Babban, wato wufa, shi ke da bas, irin dukan ganga. Ƙaramin da bai wuce inci 1 ba, tiwita, shi ke da siririn sauti, shi ke sa ka bambance "s" da "sh" a bakin mai magana. Wasu kan ƙara na tsakiya saboda murya. A ciki kuma akwai ɗan allo da ake kira kurosoba, yana tura wa kowa rabonsa. Ni dai a ɗaki irin namu, direba biyu na gaskiya da wufa mai inci 5 ko 6 sun fi min uku na bogi.

Wat ɗin PMPO kuwa ka manta da shi, lambar talla ce. RMS za ka duba. In kuma amfilifaya daban za ka haɗa, ka tabbata om ɗin lasifikar, 4 ne ko 6 ko 8, ya dace da abin da aka rubuta a bayanta.

Amma gwajin gaske kunnenka ne. Tafi da wayarka, da karatu ko waƙar da ka sani tamkar yunwar cikinka, kar ka yarda da wadda mai shago ya zaɓa. Ka ce masa, "Alhaji, don Allah a rage murya." A ƙasa-ƙasa ake gane mai kyau: kalmomi na fita tar, bas bai danne murya ba. Sannan ka kai kunnenka kusa da kowane rami ka ji ko da gaske yana aiki. Ka ƙwanƙwasa akwatin, in ya yi ƙara kamar fanko, sautin ma haka zai yi. Ka duba zoben da ya kewaye wufa, na roba ya fi na soso jure zafi, soson kan marmashe bayan 'yan shekaru.

In ka kai gida kar ka manna su da bango ko ka cusa su a lungu, bas ɗin zai cika ya dame. Ja su gaba kaɗan, tiwita ta yi daidai da kunnenka in kana zaune. Nawa na farkon suna nan a zaure, yara na ɗora takalma a kai.